Dokin ƙarfe a ƙasar Adar

A birnin Tawa, da garuruwan da ke kewaye da shi irin su Afala, Barmu, Takanamat da Tebaram, akwai waɗansu dattawa da kowa ya san su, ko da yake ba su da ƙungiya, ba su da shugaba. Su ne mutanen da suka hau babur tun suna samari, a zamanin da yara ke bin sa da gudu in ya ratsa gari, kuma har yau da gemu ya yi fari ba su sauka ba. A cikinsu akwai tsohon malamin gona, akwai dillalin bisashe, akwai limamin ƙauye, akwai wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bida a Abijan. Ƴaƴansu sun sha roƙonsu da su huta, su riƙa shiga mota kamar sauran manya. Su kuwa a ganinsu, ranar da aka raba su da babur, ran nan ne tsufa zai kama su da gaske.

Wannan ƙauna ta shekara arba'in ko hamsin ta gamu da jarrabawar da ba su taɓa zato ba. Tun daga shekarar 2017, a arewacin jahar Tawa, babur ya zama abin tuhuma, domin a kansa ne ƴan ta'adda suke faɗa wa ƙauyuka da rugage. Kafin a gane nauyin wannan al'amari a zuciyar mutanen nan, sai an san abin da babur ya yi wa talakan Adar.

Ƙasar duwatsu da mutanen tafiya

Adar ƙasa ce ta tudu da kwari. Gari na can bisa fako, gona na cikin fadama, kasuwa kuma sai an yi hawa da gangara tsakanin duwatsu kafin a isa gare ta. A da can, doki na sarakuna ne da fadawansu. Sarkin Adar a Illela, wanda gidansa ya samo asali daga Agabba ɗan sarkin Agadas, shi da irinsa ke da barga. Raƙumi na mutanen Azawak ne da fatake. Talaka kuwa jaki in ya samu, in bai samu ba sai ƙafarsa.

Zamanin Nasara ya ƙara masa nauyi. Iyaye da kakannin dattawan yau sun ga lokacin da ake ɗaukar mutum daga gonarsa a kai shi aikin hanya, ba lada, ba shawara, kuma ba a soke aikin tilas ba sai a shekarar 1946. Ga kuma bauta, wadda sauranta ya daɗe a waɗansu sassan jahar, har aka kafa doka a 2003 wadda ta mai da ita babban laifi. Saboda haka kalmar ƴanci tana da ma'ana ta zahiri a bakin mutumin Adar: mutum ya tashi lokacin da ya ga dama, ya nufi inda yake so, ya komo gidansa, ba tare da ya roƙi izinin wani ɗan Adam ba.

Babur na farko da ya yi suna a wannan ƙasa shi ne Mobylette, ƙirar kamfanin Motobécane na Faransa, wanda ya fara fito da ita a 1949. Ƙarama ce, tana da feda kamar keke, ba ta son yashi, ba ta son hawa, amma ta fi jaki sauri. Bayan samun mulkin kai a 1960, ma'aikatan gwamnati ne suka fi hawan ta: malamin makaranta, ma'aikacin gidan likita, malamin gona, da malamin yaƙi da jahilci mai zagaya ajujuwan ƙauye. Sa'an nan a shekarun 1970, da arzikin mai ya bunƙasa a Najeriya, baburan Japan, Honda da Yamaha da Suzuki, suka fara shigowa ta Sakkwato da Birnin Ƙonni. A daidai lokacin, tsakanin 1976 da 1980, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom, mai tsawon fiye da kilomita 600. Ta ratsa Tabalak da Abalak, ta kusantar da arewa.

Farin 1984 ya kawo manyan ayyukan raya karkara, kamar na Keita wanda aka fara a shekarar da taimakon ƙasar Italiya, kuma babur ne ke kai malaman aiki inda mota ba ta iya shiga. A shekarar nan ce kuma Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa 1986, samarin Ƙonni suka riƙa ɗaukar mutane da kaya a bayan babur ta ƙananan hanyoyi. Sana'ar kabu-kabu ta kafu, ta bazu zuwa sauran birane. Faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta tsadar da kayan waje, ta kuma sa babur ya yi wa mutane da yawa nisa, sai da baburan ƙasar Sin masu araha, irin su Kasea da Haojue, suka cika kasuwa a shekarun 2000. Tun daga nan saurayin da ya komo daga bida, ko Abijan ya je ko Libiya, da wuya ya cika mako biyu a gida bai ɗaure sabon babur a ƙofar mahaifinsa ba. Man da za a zuba masa ma bai yi wuya ba, domin shekaru da yawa ƴan ruwa-ruwa suna jere da kwalabensu a bakin hanya, suna sayar da man da ya ƙetaro daga Najeriya, kafin ƙasar ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 lissafin ya sauya.

Mutanen Tawa sun taɓa ganin wani irin son babur dabam. Tseren nan na Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, wanda kuma Cyril Neveu ya ci na farkonsa a 1979 bisa Yamaha, ya sha ratsa ƙasar Nijar, har ya yada zango a Tawa a 1990. Turawan suna neman ƴanci ne a cikin kaɗaici: mutum ɗaya, inji ɗaya, hamada ba kowa. Jama'a sun yi kallo, sun yi mamakin ƙarfin injunan, ƙura ta lafa, kowa ya koma harkarsa. Baharen Adar bai taɓa hawa don ya guje wa mutane ba. Wajen mutane yake zuwa.

Hawa da bismilla

Wanda ya lura da irin waɗannan dattawa zai ga cewa ba sa taka kik sai leɓensu ya motsa. Addu'ar hawa ce suke yi, wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf. Ma'anarta tsarkake Allah ne wanda ya hore wa mutum abin hawan da ba da ƙarfinsa ya mallake shi ba, tare da tuna cewa makoma tana gare shi. Malamai sun karantar da ita game da raƙumi da jirgin ruwa, su kuwa suka ɗauke ta suka ɗora wa ƙarfe, kuma ba wanda ya ce sun yi kuskure. A cikin wannan gajeriyar addu'a ne tushen ra'ayinsu yake. Tun da Allah ne ya hore, to, ba alfarmar sarki ba ce, ba ta attajiri ba ce, mai hawa ba ya bin kowa godiya sai Ubangijinsa. Tun da kuma makoma gare shi take, to, akwai ranar da za a tambayi mai hawa inda ya je da abin da ya yi a hanya.

Sukan kawo labarin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya tsawata wa gwamnan Masar saboda ɗansa ya daki wani talaka, ya tuna masa cewa ƴantattu iyaye mata suke haifar mutane. Dattijon da bai taɓa karanta wata yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa ba, daga wannan labari ya san cewa tafiya a bayan ƙasa haƙƙinsa ne na haihuwa.

Amma abin da suke yi da wannan haƙƙi shi ne ya fi ban sha'awa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a Adar babur ya zama ƙafar. Musulmi ba ya kwana a gida bayan ya cika, in ba da wani dalili ba. In aka yi rasuwa da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwanci. A da, ɗan'uwan da ke gari mai nisan yini guda sai dai ya zo gaisuwa bayan an rufe. Yau waya ta buga, ya hau, ya riski salla, ya sa hannu a makara. Mutanen ƙauyen da ba shi da masallacin Juma'a, biyu-biyu ko uku-uku suke hawa su je garin da ke da shi. Mace ta kwana tana naƙuda a ƙauyen da motar asibiti ba ta zuwa, maƙwabci mai babur ne ake tayarwa da tsakar dare, a zaunar da ita a tsakiya, wata ƴar'uwa ta riƙe ta ta baya, a bi duwatsu a hankali har gidan likita. Irin wannan aiki ba a karɓar kuɗinsa, ko na mai da ƙyar ake karɓa. Dattawan na lissafa shi cikin abin da suke fatan samu a lahira, daidai da sadaka.

Har fiƙihu babur ya taɓa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, matafiyi na yin ƙasaru in tafiyarsa ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80 a lissafin yau. A zamanin ayari, tafiyar yini biyu ke nan da raƙumi mai kaya. Yanzu mai babur da ya bar Tawa bayan asuba ya wuce wannan iyaka tun rana ba ta yi zafi ba. Wanda ya nufi Tabalak, kilomita wajen 50, sallarsa cikakka ce. Wanda ya zarce Abalak, ko ya yi kudu zuwa Ƙonni, ya shiga hukuncin matafiyi. Tsofaffin mahaya sun san waɗannan iyakoki kamar yadda suka san ramukan hanya, kuma sukan yi gardama a kansu a majalisa, wani na cewa daga ƙarshen gidajen gari ake fara lissafi, wani na tambaya ko sabuwar unguwar da aka yanka jiya ta shiga cikin gari. In lokaci ya yi a daji, a kafe babur a gindin aduwa, a shimfiɗa rawani, in ba ruwa a yi taimama.

Inda imani ke neman gyara

Akwai wuri guda da hujjar masu babur take da rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Da yawa daga cikinsu ba sa sa hular kwano, wadda aka fi sani da kask. Wasu na cewa ba ta zama a kan rawani, wasu na cewa zafi, wasu kuma, su ne suka fi yawa, na cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Maganar ƙarshen nan gaskiya ce da aka ajiye a gurbin da ba nata ba. Malaman da suka karantar da addu'ar hawa su ne kuma suka karantar da labarin Balaraben da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Hular kwano, da birki mai kamawa, da fitila mai haske, su ne igiyar raƙumar wannan zamani. Ma'aikatan babban asibitin jaha a Tawa sun san irin raunin kai da ake kawo musu daga hanya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa hular da aka ɗaure da kyau tana rage mutuwa ƙwarai.

Dattawan kansu suna da ƙorafi a kan samari, kuma suna da gaskiya. Yaron da bai kai shekarun samun permi ba ya ɗauki mutum uku, ya ratsa kasuwar Tawa ranar Lahadi da gudu, ya watsa wa tsohuwa ƙura, bai waiwaya ba. A wajen tsohon mahayi wannan rashin tarbiyya ne kafin ya zama karya doka, domin a addini hanya na da haƙƙi: a kau da cuta, a amsa sallama, a kame ido. Shi ya sa za a ga irinsu sun tsaya sun ɗauke dutse ko ƙaya daga tsakiyar hanya, alhali su sun riga sun kauce masa.

Shekarun tuhuma

A ranar 6 ga Oktoba 2016 aka kai hari a Tazalit, cikin gundumar Tasara, inda ƴan gudun hijirar Mali suke, sojoji 22 suka rasu. A watan Maris na 2017 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tasara da Tiliya, tare da waɗansu gundumomi na jahar Tilaberi. Dokar ta ba hukuma ikon taƙaita zirga-zirga, aka taƙaita hawan babur a wuraren da ke kusa da iyaka, aka rufe waɗansu kasuwanni. Sai kuma ranar 21 ga Maris 2021, wadda mutanen jahar ba za su manta ba. Mahara bisa babura suka faɗa wa Intazayan da Bakorat da rugagen da ke kewaye da su a gundumar Tiliya, suka kashe mutum 137 a lissafin gwamnati, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya.

Dalilin hukuma a fili yake. Babur ba ya bukatar hanya, yana ɓuya a cikin kurmi, yana shan mai kaɗan, mutum biyu da bindiga biyu suna zama a kansa. Sojan da ya hango ƙura daga nesa ba shi da hanyar sanin ko mai zuwa ɗan kasuwa ne ko mai kisa. Ba a Nijar kaɗai aka ɗauki irin wannan mataki ba. A Kano an hana acaba a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A jahar Difa an hana babur a 2015 saboda Boko Haram. A Tilaberi an hana shi dare da rana daga 1 ga Janairu 2020, aka ɗage hanin a 1 ga Satumba 2021, sa'an nan aka mayar da shi a waɗansu gundumomi bayan ƴan makonni kaɗan da hare-hare suka ci gaba. Wannan kai da komo kaɗai ya isa ya nuna cewa su ma masu mulki ba da daɗin rai suke yanke hukuncin ba.

Amma nauyin ya faɗa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Inda aka hana babur, makiyayin da ke kai nono ko ɗan akuya kasuwa ya koma tafiyar yini, mai haƙuri ya koma bayan jaki ko amalanke, saurayin da ke ci da kabu-kabu ya zauna ba sana'a, kuma zaman banza na samari shi ne abin da masu ɗaukar mayaƙa suke nema. Ɗan ta'adda kuwa, wanda dama ba ya bin doka, bai ajiye nasa ba. Ko a garuruwan arewacin Adar da ke nesa da iyaka, tsoro ya yi aikin da doka ba ta yi ba. Dillalin da a da yake bin kasuwannin arewa ɗaya bayan ɗaya, yana kwana inda dare ya same shi, yanzu yana auna kowace tafiya, yana tambayar labarin hanya, yana komowa kafin rana ta yi ja.

Abin da ya fi ci wa tsofaffin mahaya rai shi ne da sunan addini ake wannan ɓarna. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana hawa da bismilla don ya riski jana'iza, yau yana ganin waɗansu sun hau irin abin hawansa, suna kiran sunan Allah, suna mai da ƙauye guda maƙabarta. A Musulunci amincin matafiyi babban abu ne, kuma tare hanya da tsoratar da masu bin ta na cikin laifuffukan da shari'a ta fi tsananta wa hukunci. Limamai a Tawa da kewaye sun sha faɗin haka a huɗuba. A wajen dattawan, maharan sun sace musu abu biyu a lokaci guda, hanya da kuma mutuncin mai hawa, har ta kai baƙon da ya shigo ƙauye bisa babur da rawani ana fara kallon hannunsa kafin a amsa masa sallama.

Abin da ake iya yi

Masu babur ba su ce a bar ƙasa ba tsaro ba. Abin da ya fi yawa a bakinsu shi ne a sami hanyar rarrabe mai gaskiya da mugu, maimakon a haɗa su a hukunci guda. Hanyoyin kuwa sanannu ne: kowane babur ya sami lamba da takarda, masu kabu-kabu su yi rajista a ma'aikatar magajin gari su sa riga mai lamba, mai gari ko hakimin ruga ya san baburan da ke ƙarƙashinsa ya kuma shaide su, inda hali ya yi a bar hawan rana a hana na dare, a keɓe izini na musamman don ɗaukar marar lafiya.

Sai dai a nan ma akwai aiki a wuyan masu hawan. Babura da yawa sun shigo ƙasa ta bayan fage, ba su bi ta duwan ba, ba su da kartigiris, an saye su hannu da hannu a kasuwa ba ko rasit. Irin wannan babur in jandarma ya tsayar da shi, ba abin da zai bambanta shi da na ɓarawo sai rantsuwar mai shi. Masu shi na kukan tsadar takardu da nisan ofisoshi, domin mutumin Tebaram ko Takanamat sai ya zo har Tawa, ya yi asarar yini ko fiye. Kuka ne da ya cancanci perfe-perfe da magadan gari su saurara, su duba ko ana iya kai ma'aikatan rajista kasuwannin ƙauye a ranakun cin su, kamar yadda ake kai masu allurar bisashe.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna da rawar da za su taka a nan fiye da kowa. Su ne ke iya karanta takardar saye kafin maƙwabci ya biya kuɗi, su gwada lambar da ke jikin inji da wadda ke rubuce, su karanta sanarwar gwamna in an sauya lokutan hawa, su fassara wa jama'a a bakin masallaci. A cikin tsofaffin mahayan Tawa akwai waɗanda suka koyi boko da girmansu don wannan dalili kaɗai, kuma ana gane su a shingen jandarma: kafin a tambaya sun ɗaga sirdi, sun fito da jakar leda, permi da kartigiris da takardar asiransi na ciki a ninke, tare da ɗan littafin addu'o'i da carbi.